Ranar da Aka Kira Baba Partisan

Da ƙarfe uku da kwata na wata Asabar abin ya fara lalacewa. Council, wato hukumar gari, ta rufe rabin zauren da muke koyon Hausa a unguwar Hulme, ɗaki ɗaya ya rage, ko na yaran masallaci ko na yaran coci. Baba ya dage a ba yaran masallaci. Ina lungu da littafina na ji baban Rifkatu, ƙawata tilo, ya ce wa Baba, "Malam, ka zama partisan." Baba ya ja hannuna muka fita.

A hanya na roƙe shi muka shiga laburare. Ƙamus ya nuna Turanci ya aro kalmar daga Faransanci, Faransanci kuma daga Italiyanci, tushenta ɓangare. Na karanta masa a hankali, ina zaton zai huce.

"Ka gani Baba, ba zagi ba ne. Gobe zan je gidan su Rifkatu?"

Baba ya rufe ƙamus ɗin.

"Sai abu ya fashe ake samun ɓangare, Mamana. Ki riƙa gaishe ta a makaranta."