Kwamfuta Biyu, Suna Ɗaya

Ya ɗan'uwana, tun da an ɗora maka amanar abin da ba naka ba, ga misali ka riƙe, Allah Ya amfanar da mu baki ɗaya.

An yi wani mutum mai kula da kwamfutocin wata cibiya da ke ɗaukar hoton tsofaffin littattafai na rubutun hannu. Masu littattafai sukan kawo, a ɗauki hoton kowace warƙa, wato kowane fallen takarda, a mayar musu da abinsu. Hotunan suna taruwa a wata babbar kwamfuta da ke ɗaki mai sanyi, bayan gilashi, wadda sai daga teburinsa yake aika mata umarni. Tsarin da ke tafiyar da ita shi ne Linux, wanda jama'a masu yawa suka haɗu suka gina, suka bar shi buɗe kamar rijiyar waƙafi. A cikinsa akwai matsayin da ake kira rut, wanda duk ya hau shi ba a neman hujjarsa: in ya ce a share, an share ke nan. Mutumin nan ƙwararre ne, mai tsantseni. Ya tanadi kwamfuta ta biyu domin ajiyar kwafi, ya kwaikwayo ta daga ta farko kamar an tsaga kara, har da sunan da ke bayyana a farkon kowane layi. Ya ƙudurta zai sauya mata suna, gobe ta koma jibi, har abin ya fita ransa.

Cikin abin da aka ɗauka a shekarar akwai rubuce-rubucen wani alƙali da ya daɗe da rasuwa, warƙa dubu da ɗari biyu, fatawoyi da waƙoƙin wa'azi na ajami. 'Yarsa, wata dattijuwa, ita ta ba da aronsu. Bayan an mayar mata, damina ta yi ƙarfi, soron da suke ciki ya rufta, ruwa ya wanke tawadar. Ta aiko masa da saƙo: "Ɗana, rubutun Baba yanzu a hannunka kaɗai yake." Da ya duba, sai ya ga kwafin ajiya ya yi wata bakwai ba a sabunta shi ba, babu ko warƙa ɗaya ta alƙali a ciki. Ya yanke shawarar share tsohon kwafin a ranar, ya zuba sabo.

Bayan azahar ya buɗe taga biyu a allonsa, ɗaya ta babbar kwamfuta, ɗaya ta ajiya, duka baƙaƙe da farin rubutu, duka da suna guda. Sai abokin aikinsa ya leƙo, ya ce, "Injiniya, firinta ta sake yin yaji, taso ka yi biko." Ya buɗe taga ta uku ya daidaita firintar, ya je ya ga takarda ta fita, ya dawo. Tagogin sun hau kan juna. Ya jawo wadda ya ɗauka ta ajiya ce, ya rubuta umarnin sharewa a matsayin rut, ya danna. Tsohon kwafin ba shi da yawa, bai kamata ya wuce ƙiftawa da bismillah ba. Minti ɗaya ya wuce, allo shiru. Na biyu ya shiga. Ya ɗaga kai ya dubi ɗakin gilashi: fitilar kwamfutar ajiya tana tsaye cik, ta babbar kuwa tana ƙyaftawa kamar bugun zuciyar wanda ake kora. Babbar yake sharewa. Ya tsayar da umarnin, ya zauna yana maimaita innalillahi a ransa. Ya jima bai iya dubawa ba, domin muddin bai duba ba yana da sauran fata. Da ya ƙirga, cikin na alƙali warƙa tis'in da ɗaya suka rage.

Ya kashe kwamfutar nan take, don ya san abin da aka share yakan bar sawu kamar ƙafa a kan rairayi, sai in an sake takawa. Kwana uku yana bin sawun a cikin faifan ajiyarta. Wasu warƙoƙin suka dawo ba suna ba jeri, gauraye da na wasu malamai. Wasu suka dawo rabi: basmala da layi huɗu a sama, ƙasa kuwa toka-toka, fatawa ta yanke kafin a kai ga hukunci. Rana ta huɗu da hantsi dattijuwar ta zo da tabaranta a hannu, tana so a nuna mata rubutun mahaifinta. Ya ji sallamarta a bakin ƙofa, ya ji ta maimaita, sannan ya miƙe ya je ya tarye ta.

Ka lura, ilminsa bai gaza ba, niyyarsa kuma kyakkyawa ce, tsare amana ya tashi yi. Abin da ya bari shi ne tabbatarwa. Da ya rubuta umarni guda, gajere, da ya nuna masa adireshin kwamfutar da yake magana da ita, amma idonsa ya ga abin da ya saba gani, sai zato ya zauna a mazaunin yaƙini. Magabata sun riga sun gama magana da suka ce, kama da wane ba wane ba ne.