Manomin da Ya Sa Jari a Juji

Kai da kake tambaya ko ƙaramin kamfanin nan mai mayar da shara wuta zai yi riba, saurari abin da ya sami wani manomi, sannan ka auna da kanka.

Gonar manomin nan tana bakin gari, kuma tun zamanin mahaifinsa jujin bayan kasuwa ke ciyar da ita. Da rani ya tsaya sai ya ɗora wa jakunansa mangala, ya yi ta jigilar ruɓaɓɓen tumatir da ɓawon lemo da kashin shanun kwata, yana jibgewa tsibi-tsibi kafin ruwa ya sauka. Ba a taɓa jin wanda ya ce juji nasa ne ba. Ana nan sai wasu matasa 'yan boko suka kafa ɗan kamfani a gefen kasuwar. Suka gina rami mai murfi suna zuba shara tana ruɓewa, iskar da ke tashi ta bi bututu ta tayar da inji, teloli da masu niƙa su sami lantarki. Shugabarsu injiniya ce, 'yar maƙwabcinsa, a gabansa ta yi rarrafe. Ta ce masa suna neman masu sa hannun jari, kuma akwai wani attajiri da zai zo daga birni kafin damina. In ya tarar inji na aiki, zai zuba abin da za a gina ramuka da yawa, kowa ya amfana. Manomi ya ga ƙwan lantarki na haske babu ɗigon fetur, abin ya shiga ransa. Ya sayar da sa guda cikin shanun huɗarsa biyu, ya kai mata.

Ranar da ya kora jakuna zuwa juji, sai ya tarar a-kori-kurar kamfani tana kwashewa. Ya ɗaga murya zai yi faɗa, sai ya tuna motar nan da kuɗin sansa a jikinta. Ya rasa wa zai zaga. Injiniya ta rusuna ta ce, "Baba, kwantar da hankalinka. Abin da ke saura a ramin bayan iska ta fita shi ma taki ne mai kyau, sai dai ba zai ishe ku bana ba." Ya gyaɗa kai, amma a ransa cewa yake wa ya taɓa ƙoshi da tuƙar rake? Manoma suka ce masa ƙwace ake yi musu da rana tsaka. Surukinsa mai sauraron rediyo ya ce irin waɗannan kamfanoni ne arzikin gobe. Duk wanda ya yi magana, sai ya ji kamar shi ke da gaskiya. Da aka taru a ƙofar mai unguwa, manoma a tabarma, masu jari a benci, shi sai ya tsaya a tsakiya da takalma a hannu. Wani taubashinsa ya ce, "Alhajin juji, zauna mana, ko sai an shimfiɗa maka tabarma a kan benci?" Aka yi dariya, aka tashi ba a yanke komai ba.

Sai ya yi abin da yake gani dabara ce. Da sassafe ya riga motar zuwa juji ya cika mangala, da la'asar ya sa hula ya leƙa kamfani yana tambayar yadda jarinsa ke tafiya. In ya tuna gona ya ƙara sawu, in ya tuna sansa ya mayar da jakuna turke. Abin da bai lissafa ba shi ne idon jama'a. Manoma suka ce tunda mai jari ma yana ɗiba, mu wa zai hana? Kafin a ankara juji ya koma fili. Ramin kuwa kamar tumbin saniya yake, in ya daɗe da yunwa ba ya farfaɗowa rana ɗaya. Attajiri ya iso, aka ja inji, ya yi tari ya yi shiru. Attajirin ya toshe hanci da hannun riga, ya yi wa injiniya fatan alheri, ya shiga mota.

Kamfanin bai mutu ba, yana nan yana ɗingishi, amma ba mai sayen hannun jarinsa ko da an yi rangwame. Gona kuma rabinta kawai ta sami taki, ga huɗa ta makara saboda sa ɗaya ba ya jan garma. Gero ya fito gefe kore shar, gefe rawaya kamar mai ciwon shawara. Da kaka matarsa ta leƙa rumbu, ta dube shi ta ce, "Malam, wai kai da wa ka yi rigimar nan, kuma wa ya ci?" Shi kuwa duk inda ya juya, kansa ya kayar.

To, kafin ka tambayi ƙarfin inji, fara tambayar wa ke cin jujin, ka kuma duba ko kana cikinsu. Hausawa dai sun riga sun faɗa: taura biyu ba ta taunuwa.