Hoton da Habsatou Ta Nema

Tun da suka fito daga jirgin ƙarƙashin ƙasa Yacouba bai rufe baki ba. Kansa a sama yana ƙirga benaye, har ya yi karo da wata tsohuwa mai kare.

"Kai, wannan ƙauyanci!" in ji Idrissa, abokinsa tun suna yara a Damagaram. "Biyo ni, kar ka ɓace mini."

Idrissa ne a gaba, cikin jibgegiyar rigar sanyi da ta yi masa yawa, yana ta hamma da rana tsaka. Ya san jirgin da za a hau, ya san ƙofar shiga babban lambun Central Park. Yacouba kuwa aikinsa biya: tikiti shi, abinci shi. Idrissa na kai hannu aljihu Yacouba zai galla masa harara.

Magana ɗaya ta fito da su. Habsatou, 'yar Yacouba da ke gida, ta ga wani gidan dutse a waya, irin fadar sarakunan Turawa na dā, a kan tudu cikin lambun. Ta ce muddin Baba bai turo hotonsa a gaban gidan ba, ba za ta yarda yana New York ba. Maganar ta soke shi, kuma yau ce kaɗai ranar da yake da ita.

Suka zaga tafki ɗaya sau biyu, rana tana sunkuyawa. Yacouba ya tare wani mai shara ya zuba masa Turanci, amma kwatancen bai shige shi ba. Idrissa ne ya kaɗa kai, ya ja shi ta wani lungu.

Sai ga fadar. Yacouba ya gyara hula, ya tsaya ƙiƙam kamar soja, aka ɗauki hoto, aka tura. Ba a yi minti biyu ba Habsatou ta turo murya tana ihun murna. Ya saurara sau uku, yana goge ido.

"Wallahi Idrissa, ashe akwai irin wannan a garin nan?"

"To ai matambayi ba ya ɓata. Wata shida ina kallon bidiyon garin nan a waya."

Washegari da sassafe Yacouba ya lallaɓa ya fita don kada ya tashi baƙonsa Idrissa, wanda kwanansa biyu kacal da sauka daga Yamai, ya je ya buɗe teburinsa na turare a bakin titin 125th Street, teburin da bai taɓa rufewa ba a shekara goma sha huɗu sai jiya.