Layin Gidan Maɗori

Ina da shekara tara na faɗo daga kan jaki a Gehuru, hannuna ya karye. Baba ya goya ni a keke har Aliero, gidan wani tsohon maɗori da sunansa ya kai har ƙasashen maƙwabta.

Sai bayan la'asar layi ya zo kanmu. Har yau ina jin warin man shanun da ke tafin hannunsa. Ya kama hannuna kenan, yana laluben inda ƙashin ya goce, sai ga wata doguwar mota ta tsaya a ƙofar gida. Wani mai babbar riga ya shigo, ya ce maigidansa babban mutum ne, ya gurɗe a ƙafa, a fara duba shi.

Baba ya sunkuyar da kai, ya fara janye ni.

Tsohon bai saki hannuna ba, bai ma ɗaga kai ba. Ya ce, "Ɗiyag ga ta riga shi zowa. Shi zamna shi jira."

Ya ja ƙashin, na ƙwalla ƙara, ya jera karare ya ɗaure a nitse. Da muka fito, babban mutumin na zaune a kan benci, bayan wata mai tallar albasa.

Yanzu ni ke kiran layi a asibiti. Jiya an ce za a mayar da ni ƙauye in ban daina taurin kan hana manya tsallake layi ba. Na kalli hannuna, na kira mai bi.