'Yan Uku a Ofis

"Yallaɓai, mai rainon yarana ta yi tafiya," in ji Maman 'Yan Uku. "A taimaka in riƙa aiki daga gida."

Manaja ya girgiza kai. "A ofis ake aiki, Malama."

Washegari ta kwaso su duka ukun. Kafin azahar, ɗaya ya tuttula shayi a kwamfutar sakatare, ɗaya ya danna wa masinja hatimi a goshi, na ukun ya shige ƙarƙashin tebur yana cizon ƙafafu.

Manaja ya fito yana ɗingishi. "Daga gobe kowa ya yi aiki daga gida!"

Daɗi ya kama ta, ta buɗe baki za ta yi godiya.

"Ban da ke, Malama. Na riga na hana ki, kuma ni ba na magana biyu. Ga makulli, ku riƙe mana ofis."