Mai Ɓata Mana Waƙa

"Yau asirin mai ɓata mana waƙa zai tonu," na gaya wa mawaƙan cocinmu cike da murna. Ni ce shugabarsu, kuma jiya na naɗi gwajin waƙarmu a waya ba da saninsu ba. Matar mai ganga nake zargi. Har kalaman sallamarta na haddace, masu laushi, irin na 'yar'uwa cikin Almasihu.

Na kunna. Sai ga muryar nan kamar ƙarar tsohon ƙyaure. Dariya ta ƙwace mini.

Can muryar ta katse waƙar ta ce, "Ku tsaya, wata tana ɓata mana." Muryata ce.

Matar mai ganga ta dafa kafaɗata. "Mama, kada ki damu. Shi ya sa maigidana yake dukan gangar da ƙarfi."