Yadda Injin Ya Rubuta

Kafin mota ta gama tsayawa a bakin kasuwar Gwaram, Inna Jummai ta riga ta diro, takalmi ɗaya a ƙafa. 'Yarta Hapsatu na biye da ita, rungume da kwamfuta kamar jariri.

An ɗaure Badaru, autan Inna, a jikin darbejiya. Ido ɗaya ya rufe don kumburi, haƙora biyu na ƙasa cikin turɓaya. Rigarsa ta Juma'a ce a jikinsa, ga shi ranar Laraba, ta jiƙe sharkaf da jini. An rataya masa taya a wuya. Yahuza, ƙanin Buba da aka kashe, na tsaye da galan ɗin fetur, murfin a buɗe.

Jiya da la'asar aka sare Buba makiyayi a hanyar Dingaya. Sara uku da adda, na ukun a wuya. Kowa ya san shanun Buba sun cinye riɗin Badaru a gonarsa ta can, kowa ya ji rantsuwar da ya yi. An kuma ga jan babur irin nasa a wajen. To, me ya rage?

Ba don Malam Barau, dattijon kasuwa, ba, da toka Inna za ta tarar. Shi ya shiga tsakani, ya ce ko akuya za a yanka ana ba ta ruwa, a jira uwarsa.

Babur ɗin da Badaru ke hawa na wani kamfani ne a Birnin Kudu, an dasa masa ɗan inji da ke rubuta inda yake da lokaci, minti bayan minti. A can Hapsatu ke aiki. Ita ke gwada manhajar da ke karanta waɗannan bayanai ta daidaita su kafin su isa idon kowa. Kullum in ta dawo sai ta cika wa Inna kunne da labarin aikin, Inna na tsince shinkafa tana gyaɗa kai, kamar ba ta ji.

Tun a mota Inna ta riƙe mata hannu, tafin Innar duk ya yi kaushi don wanki. Magana ɗaya ta yi ta maimaitawa har Gwaram.

“Kada ki ƙara, kada ki rage. Ki nuna musu asalin yadda injin ya rubuta.”

Mairama, matar Buba, ta miƙo wayarta. Jiya suna cikin magana da mijinta ta ji ihunsa, kiran ya katse. Ga shi nan a rubuce: ƙarfe huɗu da minti shida.

Hapsatu ta durƙusa, ta buɗe wani baƙin shafi mai cike da lambobi. Aka turo Malam Musaddiq, malamin firamare, ya karanta wa jama'a.

“Sha biyar da minti shida. Ƙarfe uku ke nan. Hanyar Dingaya.”

Wurin ya ɗauki kuwwa. Gora ta sauka a kafaɗar Badaru, aka ji ƙas. Yahuza ya tuttula fetur tun daga kansa har ƙafa, warin ya cika hanci.

Inna ta faɗa kan ɗanta, fetur na bin zaninta. “Gonarsa ya je, ai shi ya sa aka ga babur! Ƙarfe huɗu aka ce muku! Malam, don girman Allah, karanta ƙarfe huɗu!”

Malam Musaddiq ya bi layi da yatsa, ya sauka ƙasa. Ya gyara tabarau.

“Sha shida da minti shida. Birnin Kudu, babur a tsaye.” Ya dubi taswirar da ke gefe. “Ƙofar gidansu.”

Daga Dingaya zuwa Birnin Kudu tafiyar awa guda ce cur, ko aljani ne a kan babur.

“Wa ya san ko ta taɓa shi?” in ji Yahuza, ashana a hannu. “Ba ɗan'uwanta ba ne?”

“Wannan ɗanye ne, babu hannun kowa,” in ji Malam Musaddiq. “Sai dai, Malama, wannan harafin Z da ke bayan kowane lokaci fa?”

Hapsatu ta buɗe baki. Inna ta riga ta.

“Zahiri mana, Malam! Ni da na tsaya a aji shida ma na gane.”

Malam Barau ya gyaɗa kai, ya zare ashanar daga hannun Yahuza. Shi ya cire tayar da kansa. Mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa na ɓoye sandarsa a baya. Yahuza ya zauna a ƙasa ya rufe fuska.

Mairama ta rarrafo ta kama ƙafar Inna. “Ki yafe mana, Inna. Da mun ɗauki alhakin rai.”

“Allah ya yafe mana baki ɗaya,” Inna ta ce, ba ta dube ta ba.

A asibiti aka yi wa Badaru ɗinki goma sha huɗu. Inna ta fito baranda ta tarar da Hapsatu a zaune, kwamfutar a rufe kan cinya, tana hawaye ba sauti.

“Inna, sau nawa na ba ki labarin Z ɗin nan? Agogon injin ba namu ba ne, awa ɗaya yake bayanmu. Aikina ke nan, ƙara masa awar. Ukunsa huɗunmu ne.”

Inna ta zauna, ta gyara mata mayafi, ta ce ta rage murya.

Ba ta taɓa mantawa da labarin ba. Shi ta tuna jiya, ƙarfe biyar da minti shida, lokacin da ta buɗe wa Badaru ƙofa, ta karɓi addar, ta jiƙa rigarsa ta aiki a cikin baho.